DARASI A KAN TAFIYAR KEKE DOMIN MASU CIWON ƘANJAMAU

Darasinmu na wannan wata a kan wata gayya ne wadda mutanen Kalifoniya, a ƙasar Amurka, suka yi shekara da shekaru. Ba gayyar noma ba ce, ta hawan keke ce. Mutane dubbai sukan hau kekunansu daga birnin San Faransisko zuwa Los Anjalas, tafiyar mil 545, watau kamar kilomita 877, cikin kwana 7, domin su tara kuɗin taimakon masu ciwon ƙanjamau. An soma a shekara ta 1994, aka yi ta ƙarshe a watan Yuni na 2025. Da yake aikin ya ƙare, muna iya dubansa daga farko har ƙarshe, mu ga abin da ya tsai da shi da abin da ya kawo ƙarshensa. Duk wanda aka taɓa danƙa wa kuɗin jama'a zai sami abin koyo a ciki.

1. Dalilin da ya sa aka soma

A watan Yuni na 1981 likitoci suka ba da labarin waɗansu samari 5 a Los Anjalas masu wani irin ciwon huhu wanda ba a saba gani ga matasa ba. Wannan shi ne rahoton asibiti na fari da aka buga a kan cutar da muke kira ƙanjamau. Waɗanda ta fara bayyana a cikinsu a can yawancinsu maza ne masu neman maza. Tun dā mutane suna ƙyamarsu, da ciwo ya zo kuwa sai ƙyama ta ƙaru. Waɗansu aka kore su daga aiki, waɗansu danginsu suka juya musu baya. Daga baya duniya ta gane cutar ba ta zaɓe, tana kama mace da namiji, har da jariri.

A shekarun nan ba magani. Sai a 1987 aka yarda da maganin farko, mai suna AZT, haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar sosai kuwa bai samu ba sai wajen 1996. Saboda haka jama'a suka kafa ƙungiyoyin taimakon kansu. Ɗaya daga cikinsu ita ce San Francisco AIDS Foundation, wadda aka kafa a 1982. Wata kuma ita ce cibiyar da ake kira Los Angeles LGBT Center a yau, tana da ɗakin shan magani na masu wannan ciwo. Gwajin jini, da magani, da shawara, da koya wa mutane hanyar kare kansu, dukansu suna cin kuɗi kowace rana. Sadakar da ke zuwa jefi-jefi ba ta isa ba.

Wani mutum mai suna Dan Pallotta shi ya kawo dabarar doguwar tafiyar keke. A tafiya ta fari, a 1994, mahaya 478 suka fita, suka tara fiye da dala miliyan 1.

2. Yadda keke ke kawo kuɗi

Mu lura da kyau, keke ba ya warkar da kowa, tuƙa shi kuma ba ya haifar da ko anini. Amfaninsa shi ne yana buɗe wa mutum baki ya yi roƙo. Yawancinmu muna jin kunyar roƙon kuɗi. Amma wanda ya ce wa ɗan'uwansa, "Yaya, zan yi tafiyar kwana 7 a kan keke saboda marasa lafiya, me za ka sa?" ya riga ya sa nasa jikin a ciki. Wahalar da ya ɗauka ita ce shaidarsa, mai bayarwa kuma yakan ji nauyin hana shi.

Ka'idar ita ce, ba mai hawa sai ya tara wani adadi da aka yanka. A shekarun ƙarshe adadin dala 3,500 ne ga kowane mahayi. Ga mutum ɗaya kuɗi ne mai yawa, amma in ya sami mutum 70 kowa ya ba da dala 50, ya cika. Da yayyafi kogi kan cika. Ta haka ƙungiya mai mahaya 2,000 takan kai ga gidaje dubbai waɗanda ma'aikatanta ba su san ƙofarsu ba.

Mahaya sukan soma roƙo watanni kafin ranar tashi. Sukan rubuta sunayen dukan waɗanda suka sani, dangi da abokan aiki da maƙwabta, su aika wa kowa wasiƙa, su faɗi adadin da suke nema da abin da za a yi da shi. Wanda bai amsa ba a sake tuna masa, wanda ya bayar a gode masa da sauri. Waɗansu sukan haɗa kai ƙungiya-ƙungiya, su dafa abinci su sayar, ko su yi gwanjon kaya. Waɗansu kamfanoni a Amurka kuma suna da al'ada, in ma'aikacinsu ya ba da sadaka su ma su ƙara daidai abin da ya bayar. Kuɗin kuwa ba ya kwana a aljihun mahayi. Kai tsaye yake shiga asusun ƙungiya, a rubuta shi da sunan mahayin, a ba mai bayarwa rasit.

3. Shirin ayari

Tafiyar ta yi kama da ayarin fatake na dā, da zangonta da guzurinta. Akan tashi daga wani babban zaure mai suna Cow Palace a bakin San Faransisko, a kwana a zango 6: Santa Cruz, King City, Paso Robles, Santa Maria, Lompoc da Ventura, a shiga Los Anjalas ran bakwai. Tafiyar rana ta biyu ta fi kowace tsawo, ta wuce mil 100.

Ba a barin mutum ya hau haka kawai. Watanni kafin lokaci akwai tafiye-tafiyen gwaji, waɗanda suka saba suna koya wa sababbi, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ana gobe za a tashi kowa sai ya zo an karanta masa dokokin hanya. Hular kwano dole ce. Dole a bi dokar titi kamar mai mota, gama ba a rufe hanyoyin domin su ba, mai wuce wani kuma sai ya ɗaga murya ya sanar.

Bayan mahaya akwai wata runduna ta masu aikin sa kai, a shekaru masu albarka sun fi 600, ba a biyansu ko kwabo. Su ne masu ɗora jakunkuna a manyan motoci su kai zango na gaba, masu raba abinci, masu tsare wuraren hutawa da ruwan sha a kan hanya, masu faci da gyaran birki da kaca, da likitoci da nas-nas. Akwai motocin da ke bin baya suna kwashe waɗanda suka gaji ko kekensu ya lalace. Kowace yamma sai gari na tantuna ya tashi, mutum biyu a tanti ɗaya, da motocin wanka da ɗakin magani. Da safe a naɗe shi duka, a bar filin da tsabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba su manta da dalilin tafiyar ba. A bikin tashi akan turo keke wanda ba kowa a kansa, domin tunawa da waɗanda cutar ta kashe. Ran biyar mahaya sukan sa jajayen tufafi, har layinsu a kan hanya ya yi kama da jan ƙyallen nan da aka sani alamar yaƙi da ƙanjamau. A daren ƙarshe, a bakin teku a Ventura, sukan kunna kyandir su tsaya shiru. Akwai kuma ƙungiyar mahaya masu ɗauke da ƙwayar cutar, suna ɗaura tuta mai ruwan lemo a kekunansu domin kowa ya gani. Wannan ya rage ƙyama fiye da dogon jawabi.

4. Lissafin da ba a gani daga bakin hanya

A nan ne zuciyar darasinmu take. Abin da aka tara dabam, abin da ya kai ga marasa lafiya dabam. Tsakaninsu akwai kuɗin shiri, shi kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ke tashi bisa ga yawan mutane, kamar abinci. Akwai kuma wanda ba ya raguwa ko mutane sun ragu, kamar hayar filin zango, da izinin hukuma, da inshora, da talla, da albashin ma'aikata.

Bari mu yi misali da lissafi na kanmu. A ce kuɗin da ba ya raguwa dala 300,000 ne, kowane mahayi kuma yana cin dala 500, yana kawo dala 3,000. In mahaya 1,000 suka zo, an tara 3,000,000, an kashe 800,000, saura 2,200,000, watau kusan kashi uku cikin huɗu. In kuwa 200 kaɗai suka zo, an tara 600,000, an kashe 400,000, saura 200,000, sulusi ke nan. Hanya ɗaya, wahala ɗaya, amma rabon marasa lafiya ya zube.

Abin da ya faru ke nan da aka kai dabarar waɗansu jihohin Amurka. Kamfanin Pallotta, wanda na neman riba ne, shi ke shirya tafiye-tafiyen. Waɗansu sun yi kyau, amma a waɗansu wurare abin da ya kai ga ƙungiyoyin taimako bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Masu bayarwa suka ji haushi, gama ba haka suka zata ba. Waɗansu kuma suka yi gunaguni don kamfanin giya na Tanqueray ne babban mai ɗaukar nauyin tafiyar a shekarun farko. A 2001 ƙungiyoyin nan biyu na Kalifoniya suka rabu da kamfanin Pallotta a kan batun kuɗin shiri, a 2002 suka soma tasu tafiya da sunan AIDS/LifeCycle. A cikin shekarar nan kamfanin ya rufe.

Adalci ne mu ji ta bakin Pallotta. Ya yi ta gardama, har ya rubuta littafi a 2008, cewa rabin babban abu ya fi dukan ƙaramin abu, wanda ya ƙi kashe kuɗin talla kuma ba zai tara mai yawa ba. Akwai gaskiya a maganarsa. Amma mai bayarwa yana da hakkin ya san rabon tun kafin ya buɗe jakarsa. In an faɗa masa ya yarda, ba laifi. In an bar shi cikin duhu, ran da ya gane ba zai sāke bayarwa ba, zai kuma hana maƙwabcinsa.

5. Yadda aka rufe

A hannun ƙungiyoyin nan biyu aikin ya yi ƙarfi shekaru da yawa. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana fita. Da aka komo a 2022 aka tara fiye da dala miliyan 17. Amma bayan haka mahaya suka ragu, kuɗin shiri kuwa ya tashi ƙwarai. Lissafin da muka yi a sama ya kama su. A watan Satumba na 2024 suka sanar cewa tafiyar 2025 ita ce ta ƙarshe. Daga 1994 zuwa ƙarshe an tara fiye da dala miliyan 300.

Mutane da yawa sun yi baƙin ciki, gama tafiyar ta zama musu kamar dangi. Duk da haka shugabannin sun tuna an yi tafiyar domin marasa lafiya ne, ba a yi marasa lafiya domin tafiyar ba. Ƙanjamau ba ta ƙare ba. Magani yana danne ƙwayar cutar, mutum ya yi tsawon rai, amma sai ya yi ta sha kullum, bukatar kuɗi tana nan. Hanyar nema ce ta sāke.

6. Abin da za mu riƙe

Ko tafiyar kwana 7 ce, ko ta wuni ɗaya ce a kewayen gari, ka'idodin ɗaya ne.

Na ɗaya, a san wanda za a ba kuɗin da aikin da zai yi da shi tun kafin a roƙi kowa.

Na biyu, a zauna a lissafta kuɗin shiri, a san mafi ƙarancin mahayan da za su sa aikin ya yi amfani. In ba su kai ba, a rage shirin ko a ɗaga ranar.

Na uku, abin da za a iya samu kyauta, kamar ruwa da abinci da aron mota, kada a saya.

Na huɗu, mai karɓar kuɗi dabam, mai rubutawa dabam, kowane kwabo da rasit.

Na biyar, ran mahayi ya fi kuɗin da ya kawo. Kada a yi rowa wajen magani da motar bin baya.

Na shida, bayan an gama a karanta lissafi a gaban jama'a: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da aka miƙa.

Tambayoyi

1. Don me roƙon mai hawan keke ya fi roƙon wanda ke zaune a gida karɓuwa?
2. Ku faɗi kuɗin shiri iri biyu, ku ba da misali ɗaya na kowanne.
3. Bisa ga misalinmu, in mahaya 500 suka zo, nawa zai rage wa marasa lafiya?
4. Me ya raba ƙungiyoyin Kalifoniya da kamfanin da ke shirya musu tafiya?
5. A cikin ayyukan tara kuɗi da muke yi, akwai wanda muke riƙe da shi don sabo kawai? Yaushe muka yi lissafinsa na ƙarshe?