Darasin Lafiya: Jini a Wurin Aiki

Da yawa daga cikinmu aikinmu yana haɗa mu da jini: masu jiyya, ungozoma, wanzamai, da masu share asibiti. Bari mu koyi yadda za mu tsare kanmu da iyalinmu.

Manyan cututtukan da ke bin jini uku ne: ciwon hanta iri na B, da na C, da ƙanjamau. Mutum yakan yi shekaru da su, jikinsa garau, shi kansa bai sani ba. Saboda haka ƙa'idarmu ɗaya ce: kowane jini mu ɗauke shi kamar mai cuta, ko na ɗan'uwa ne.

Idan allurar da aka yi wa mai ƙanjamau ta soki mutum 1,000, wajen 3 za su kamu. Ta mai ciwon hanta B kuwa tana iya kama har 30 cikin 100. Ƙwayarsa takan kwana 7 da rai cikin busasshen jini a bakin aska.

To, me za mu yi?

1. Mu sa safar hannu ta roba kafin mu taɓa jini.
2. Kada mu mayar wa allura murfinta. Mu jefa ta cikin akwatin da ba ya hujewa.
3. Wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane kai.
4. Mu karɓi rigakafin ciwon hanta B, allura 3.

In allura ta soke mu, mu wanke wurin da ruwa da sabulu, kada mu tsotsa. Mu ga likita a ranar, gama maganin tare ƙanjamau sai an fara shi kafin awa 72. Kada tsoron faɗa ko kunya su sa mu yi shiru.