Kafin mu zagi ɓarayin Olamfik, mu leƙa kemis ɗin unguwa

Duk lokacin da aka buɗe babbar gasa, ko Olamfik ce, ko ta ƙasashen renon Ingila, ko ta Afirka, majalisu da gidajen kallo sukan cika da alƙalai. Mutum ya tsere wa sa'o'insa a gudun mita 100, sai ka ji an rantse cewa ya sha wani abu. A lokacin gasar Paris ta 2024 babu abin da ba a faɗa ba a kan 'yan ninƙayar Sin su 23 da aka samu trimetazidine a jikinsu a 2021, amma aka wanke su, wasu daga cikinsu suka shiga gasar Tokyo. Dattawa kuwa har gobe Ben Johnson suke kawowa, ɗan Kanada da ya yi daƙiƙa 9.79 a Seoul a 1988, cikin kwana uku aka ƙwace zinaren. Musun da daɗi, da ni ake yin sa. Sai dai aikina duba lafiyar 'yan wasa ne, kuma abin da ke shigowa ɗakina ya sa bakina ya fara nauyi. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Sinawa.

Akwai wani yaro ɗan kokawa da nake dubawa, bai kai ashirin ba. Daga kokawar gargajiya aka tsinto shi, ya koma ta kan katifa, ajin kilo 65. Yaro ne mai kunya, ba ya shan komai, ko shayi ba ya so ya yi kauri. Ana saura 'yan kwanaki a yi gasar da za a tsamo waɗanda za su shiga sansanin ƙasa, ya hau sikeli ya ga ya haura da kusan kilo biyu. Ya gaya wa kocinsa. Amsar da ya samu ita ce, "Ka san yadda za ka yi." Shi ke nan. Babu wanda ya ce ya zo wurina, alhali ɗakina bai fi taku kaɗan daga inda suke atisaye ba.

Ya fara da abin da suka saba: ya naɗe jiki da leda ya yi ta gudu cikin rana, ya daina cin tuwo, yana ta tofar da yawu a gwangwani. Sikeli ya ƙi sauka yadda yake so. Daren jajibirin awo wani abokinsa ya ja shi kemis. Mai kemis bai tambaye shi ko yana da kumburi ba, bai auna jininsa ba, bai nemi takardar likita ba. Ya ciro Lasix ya ƙirga masa a takarda ya ce ya sha biyu, kafin asuba ya zama kamar kara. Da yaron ya ce kafaɗarsa ma tana damunsa, sai ya ƙara masa da tiramol, wai kyauta.

Ya kwana yana zarya bayi. Da safe ya hau sikeli ya shige. Kuma kun san yanzu a safiyar wasa ake awo, babu wani yini guda na mayar da ruwa. Na gan shi a karawa ta biyu jijiyar sharaɓarsa tana ɗaurewa, leɓensa ya bushe, bugun zuciyarsa bai yi mini ba. Na tambaye shi, "Kai, me ka sha?" Ya ce, "Wallahi Dakta ba komai." Ya gaskata da abin da ya faɗa, domin a wurinsa shan wani abu na nufin wiwi ko kodin. Haka ya daure ya kayar da kowa a ajinsa.

Yana saukowa daga katifa jami'in gwaji ya tare shi. A takardar da ake cikewa akwai gurbin rubuta duk maganin da ka sha cikin kwana bakwai da suka wuce. Ya bar gurbin fayau ya sa hannu. Ko fitsarin da zai cika mililita 90 sai da aka yi ta jira. Aka raba a kwalba A da B, aka rufe, aka tura ƙasar waje. Bayan makonni takarda ta iso: furosemide da tramadol, wato Lasix da tiramol ɗin nan. Dakatarwar shekara biyu, an soke nasarar, gurbinsa na sansani ya tafi ga wani. Kuma dakatarwa ba hana shiga gasa kaɗai ba ce, ko atisaye da ƙungiyarsa ba zai yi ba sai ana dab da ƙarewar wa'adin.

Mahaifinsa ya zo ya same ni da takardar a aljihu, an linke ta har ta fara yagewa. Ya ce, "Likita, a unguwa ana cewa an kama ɗana da ƙwaya. Yaron nan ko sigari bai taɓa riƙewa ba." Na ce, "Baba, na san halinsa. Ba tarbiyyarsa aka auna ba, fitsarinsa aka auna." Ya tambaya ko akwai wanda za a je a roƙa. Babu. Ya tambaya ko a buɗe kwalba ta biyu. Na ce ana iya buɗewa, amma fitsari ɗaya ne aka raba biyu, kuma yaron ya riga ya gaya mana abin da ya sha. Dattijon nan ya daɗe a zaune bai ce uffan ba.

Na je wurin mai kemis ɗin da ƙafata. Ko a jikinsa. Cewa ya yi, "To ai ba ƙwayar ƙarfi na ba shi ba, ta fitsari ce." Wannan mutumin yana sayar da maganin masu ciwon zuciya da ƙoda ga lafiyayyen yaro da ya riga ya ƙone da ƙishirwa, bai san fotashiyam na zubewa ba, bai san zuciya na iya tsayawa a kan katifa ba, kuma yana sanye da farar riga mutane na kiransa dakta. Dakatarwa ma sauƙi ce. Da gawa muka ɗauko daga filin nan, da cewa zai yi kwana ne ya ƙare.

Ina tausayin yaron, amma ba zan ce ba a yi magudi ba. An yi. Wanda ya zo na biyu ya yi makonni yana auna lomarsa don ya shiga kilo 65 da gaskiya, sai ya kara da mutumin da a zahiri ya fi shi nauyi. Shi ba wanda ya je yi masa jaje. Mu 'yan Najeriya ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan. A Sydney a 2000 'yan gudunmu na ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu sun zo na biyu a bayan Amurka. A 2008 Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, sai a 2012 aka mayar wa Najeriya zinaren. Sunday Bada, ɗaya daga cikin namu da suka yi gudun, ya rasu a Disambar 2011, bai taɓa shi da hannunsa ba. Idan muna jin haushin abin da aka yi wa Bada, to da wane baki za mu ce na yaronmu dabara ce kawai?

Abin da ke jikinka naka ne. Ba ruwan WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, da wanda ya ba ka. "Ban sani ba" ba ta taɓa mayar wa kowa lambarsa ba.

Masu ganin kamar na tsananta su tuna Chika Amalaha tamu. Tana da shekara 16 ta ɗaga ƙarfe a ajin kilo 53 a Glasgow a 2014, ta ci zinare, aka samu amiloride da hydrochlorothiazide a fitsarinta, dangin Lasix ɗin nan dai, aka ba Dika Toua ta Papua New Guinea lambar. Andreea Raducan ta Romaniya, ita ma 16, likitan tawagarta ne da kansa ya ba ta maganin mura a Sydney, pseudoephedrine na ciki, zinare ya tafi. Likitan tawaga fa, ba mai kemis ba. A Birmingham a 2022 mun yi ta murna matanmu sun ci gudun mita 100 sau huɗu, gwajin mutum ɗaya ya rushe na huɗun, Ingila ta karɓa. Na Tokyo kuwa ba na son tunawa, 'yan wasa 10 aka hana shiga fili saboda ba a yi musu adadin gwajin da doka ta nema ba, sun je har can suka zama 'yan kallo.

Tiramol ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Har yanzu akwai kocin da ke yawo da shi a jaka kamar alewa, wai ai da ba a hana ba. Jerin nan kowace shekara ake sabunta shi, ranar 1 ga Janairu, kuma kyauta yake a intanet. Penta haramun ce a gasa. Sha-ka-fashe da wasu ke haɗiya don su cika ajin sama, dexamethasone ne, kuma allurar dangoginsa a gwiwa ko kafaɗa lokacin gasa ta haramta tun 2022. Ƙarin ruwan da ya wuce mililita 100 cikin awa 12 laifi ne ko da gishiri da sukari ne zalla, sai in a asibiti aka kwantar da kai ko kana da TUE, wato izinin amfani da magani saboda rashin lafiya. Amma ana gama awo sai ka tarar an rataya wa yaro leda biyu a ƙusar ɗakin otal, wani da ko jijiya bai iya nema ba yana ta huda shi.

Haɗin jarka, gadagi, garin gina jiki da ake ɗurawa a roba babu suna, ban san abin da ke ciki ba, mai sayarwar ma bai sani ba. Kada ku kawo mini bayan kun sha ku ce in duba. Ku kawo kafin ku sha, da kwalinsa. Ban taɓa karɓar kuɗin kowa a kan wannan tambayar ba.

Kuma ku rubuta abin da kuka sha a takardar gwaji. Ko farasitamol ne ku rubuta. Gurbin da yaron nan ya bari fayau ya sa da aka zo sauraron bahasinsa maganarsa ba ta yi nauyi ba, domin wanda ya ɓoye ƙaramin abu ba a yarda da shi a babba. Masu asma da masu hawan jini, TUE kafin gasa ake nema. Masu tunanin sun tsallake kuwa, ana iya ajiye kwalba shekara 10 a sake buɗe ta.

Iyaye, in koci ya ce wa ɗanku ya sauke kilo biyu cikin dare ɗaya, ku ɗauke ɗanku. A mayar da shi ajin 74, ko da zai sha kaye shekara guda. Na faɗa, zan kuma sake faɗa: Lasix ba maganin rage ƙiba ba ne, ruwan jiki yake kwashewa.

Kocin nan yana nan da sababbin yara, babu abin da ya same shi, domin yaron ya ƙi ambatar sunansa, wai ubangidansa ne. Kwanan baya ma ya kira ni a waya, bayan doguwar gaisuwa ya ce yana da 'yar tambaya: wai kwana nawa Lasix ke yi kafin ya bar jiki. Kashe wayar na yi.