Tsibiran Sulemanu da yaƙin da ya iske su gida

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Can cikin babban tekun Fasifik, arewa maso gabas da Ostareliya, akwai tsibirai fiye da 900 da ake kira Tsibiran Sulemanu. Shida ne manya. Wanda ya fi girma sunansa Gwadalkanal, nan babban birninsu Honiyara yake.

Ƙasar duwatsu ce da daji mai duhu. Ga zafi, ga ruwan sama kusan duk shekara, ga sauro. Mutanen baƙaƙe ne. Suna noman dankali da gwaza da kwakwa, suna kamun kifi.

Ina suka samo sunan? Wani Bature ɗan Sipaniya, Mendanya, ya isa can a 1568. Turawa suka ɗauka daga nan ne Annabi Sulemanu ya samo zinariyarsa. Ba haka ba ne, amma suna ya bi su. A 1893 Ingila ta fara mulkinsu.

A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan Japan suka zo suna gina filin jirgin sama a Gwadalkanal. Ran 7 ga watan Agusta sojan Amurka suka sauka, suka ƙwace filin. Wata shida ana gwabzawa, ƙasa da sama da ruwa. Yunwa da masassara suka kashe sojan Japan da yawa. A watan Fabrairu 1943 sauran suka janye.

To, masu ƙasa fa? Ba su suka tada faɗan ba, amma an ƙone ƙauyuka, an ɓata gonaki. Wasu suka yi dako, wasu leƙen asiri. Akwai Jakob Vuza, tsohon ɗan sanda. Sojan Japan suka kama shi, suka ɗaure shi jikin itace, suka sossoke shi da wuƙar bindiga. Bai faɗi komi ba. Da suka bar shi, ya cinye igiya da haƙora, ya ja jiki har wurin Amurkawa, ya ce musu ga hari nan tafe. Ya rayu har 1984.

Ƙasar ta samu ƴancin kai a 1978. Filin da aka yi faɗa kansa shi ne filin jirgin Honiyara yau. Amma bama-baman da ba su fashe ba suna nan binne cikin ƙasa. A 2021 wasu mutane suka hura wutar girki a Honiyara, ashe akwai bam ƙarƙashi. Ya tashi, biyu suka rasu.