Amsoshin Tambayoyinku: Gizo-gizo Mai Kamar Ƙwayar Gero

Wani mai sauraronmu daga Damagaram Takaya a Jamhuriyar Nijar yana tambaya: wai da gaske akwai gizo-gizon da bai fi ƙwayar gero girma ba? A ina yake zama?

To Malam, da gaske ne. Masana na kiran danginsu Linyphiidae, kuma nau'o'insu sun haura 4,000. Da yawansu ba su wuce milimita 3 ba. Sun fi yawa a ƙasashe masu sanyi kamar na Turai, a Afirka kuwa ana samunsu kan tsaunuka irin su Kilimanjaro. Laima suke so, shi ya sa suke fakewa cikin ciyawa da ƙarƙashin ganyen da ya zuba. In ƙaura ta kama su, sai su saki siririn zare, iska ta kwashe su.

Da fatan ka gamsu.