Kek ɗin New York da kindirmon rugarmu

Uwargida, wataƙila kin sha ganin wani farin kek mai santsi a wayarki, wanda ake kira cizkek, kika yi sha'awar gwadawa, sai kika tarar duk masu koyarwa suna cewa a nemo cukun Philadelphia. Tun 1880 ake sayar da wannan cuku da wannan suna a Amurka, kuma da shi mutanen New York suka yi suna a wannan kek. A Sarandosa ko Maiyama, a jihar Kebbi, da wuya ki gan shi a shago. Ko an ɗauko miki daga Sakkwato, zafin hanya zai iya lalata shi kafin ya iso.

Kada hakan ya karya miki gwiwa. Abin da ake nema a cukun nan shi ne kauri da maiƙo da ɗan tsami, kuma duka ukun suna cikin ƙwaryar Bafulatanar da ke kawo tallan nono ƙofar gidanki.

Kindirmo za ki saya, ba nono ba. Nono an kaɗe shi an kwashe mansa, sau da yawa kuma an tsinka shi da ruwa, don haka kek ɗinsa zai fito salam, ya yi ta tsatsar ruwa. Kindirmon kirki kuwa in kin sa ludayi kin ɗebo, gurbin yana nan bai rufe ba. Idan ba ki amince da na kasuwa ba, ki sayi madarar shanu, ki tafasa ta sosai, ki bari ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, ki zuba cokali 2 na kindirmo, ki rufe ta kwana.

Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki juye kindirmo lita 2, ki ɗora a kan kwano cikin firji ko wuri mafi sanyi a gidan, ya kwana yana ɗiga. Da safe ki buɗe ƙyallen: za ki ga ya dunƙule, yana saɓulowa da kansa, cokali na iya tsayawa a ciki. Wajen giram 600 kike buƙata. Nan aikin yake, kuma a nan yawanci ake yin gaggawa. In akwai sauran ruwa, ki ƙara masa lokaci.

Shimfiɗar ƙasan kek ɗin ba ta da wuya. Ki daka biskit mai ɗan zaƙi giram 200 ya zama gari, ki cakuɗa da narkakken bota cokali 6. Man shanu ma ya yi, amma ban da wanda aka soya da albasa don tuwo. Ki shimfiɗa takardar gashi a gwangwanin kek, bakinta ya leƙo waje don ki samu abin kamawa wajen cirewa, sannan ki danne garin biskit ɗin da gindin kofi.

Sai haɗin. Ki zuba sukari cikin gwangwanin madara ɗaya a tataccen kindirmon, da fulawa cokali 2, da bota cokali 3, da ɗan ƙamshin banila. Ba sai kin matsa lemun tsami ba, tsamin kindirmo ya wadatar. Ki juya har ya yi sumul, sannan ki fasa ƙwai 3, ɗaya bayan ɗaya, kina juyawa a hankali. Hannun da ya saba buga kek ɗin biki har ya yi kumfa sai ya yi haƙuri a nan. Iskar da ta shiga haɗin ita ce ke sa ya kumbura a wuta, ya lotsa, samansa ya tsage.

Ki juye haɗin a kan shimfiɗar biskit ɗin. Mai obin ta sa shi a digiri 160, ta ajiye gwangwanin cikin tire mai ruwan zafi, minti 50 zuwa 60. A ganina ma wadda ba ta da obin ba ta yi asarar komai ba, domin wannan kek ya fi kusa da alala a kan kek ɗin da muka sani. Ki zuba ruwa kaɗan a babbar tukunya, ki jera duwatsu ko ƙaramin murfi a ƙasa, ki ɗora gwangwanin a rufe. Ki naɗe murfin tukunyar da tsumma mai tsabta don kada gumi ya ɗiga a kai. Gawayin kurfoti ki rage shi, ruwan ya riƙa tafasa a hankali, kamar awa ɗaya. Gasa shi a kan yashi, yadda ake yi wa sauran kek, zafinsa ya yi masa yawa.

Kada ki soka tsinke. Ki girgiza gwangwanin kaɗan: gefe ya tsaya, tsakiya na ɗan rawa, to ya yi. Ki sauke tukunyar, ki ɗan buɗe murfin, ya huce a ciki. Daga nan sai firji, awa 6 ko ya kwana, a rufe ruf. Mu da albasar Aliero ba ta yankewa a gidajenmu, mun san yadda warinta ke kama madara.

Maganar sanyi kuma ba ta wasa ba ce. Madara ce da ƙwai, kuma a watan Maris da Afrilu zafin Kebbi yakan haura digiri 40. Idan wuta ba ta tsayawa, ki sayi ƙanƙara ki sa shi a kula, kuma a irin wannan zafi kada ya wuce awa ɗaya a waje bayan an yanka. Wadda za ta fara gwadawa ta fara da hunturu. Ki tsoma wuƙa a ruwan zafi kafin kowane yanka, ki zuba zuma ko mangwaro a kai in lokacinsa ne.

Gobe in mai nono ta yi sallama, ki ce ta ware miki kindirmon da ba a taɓa ba.