Sabon ma'aikacin otal da zauren WhatsApp na gidan aiki

Ni ke kula da masu gyaran ɗakuna a wani otal a Maraɗi, kuma da yawa daga yaran da ke zuwa mana neman aiki daga gundumar Madarunfa suke: Gabi, Safo, Ɗan Isa. Ba ragwaye ba ne ko kaɗan. Abin da ke mayar da su gida tun kafin albashin farko kunyar tambaya ce.

Yaro ya tashi a Gabi, an hore shi da cewa ba a cika babba da tambaya. Yau ga shi da makullin ɗaki a hannu, takardar aiki da Faransanci manne a bango, baƙo ɗan kasuwa daga Katsina na jiran ruwan zafi. Wa zai tambaya? Sai ya yi gum, ya yi kuskure, a balbale shi da faɗa.

Manyan kamfanonin otal irin su Marriott suna da hanyar sadarwa ta cikin gida don ma'aikatansu. Mu tamu zauren WhatsApp ce, kuma tana aiki in an san yadda za a riƙe ta. Da murya muke tura saƙo, da Hausa, don ba kowa ya yi nisa a lakkal ba. Na ɗauki hoton gado gyararre, zanen a miƙe ba ƙudundune, tawul a ninke, sabulu a mazauninsa, na sa a zauren. Sabon zuwa ya duba wayarsa sau goma ba wanda ya gan shi. Nan ake sanin mai kwanan aiki, da wanda zai tada inji in NIGELEC ta ɗauke wuta. Nan ma ake jin sanarwar suna da ta'aziyya, kuma a ganina wannan ne ke sa yaro ya ji ya zama ɗan gida.

Amma fa ba a yi wa kowa faɗa a zaure. Ka kunyata yaro sau ɗaya gaban kowa, ya daina magana ke nan. Hoton baƙo ko katin shaidarsa ba ya shiga, amana ce. Wanda ya zo da ƙaramar waya kuma, a haɗa shi da wani tsohon hannu.

Masu otal, don Allah ku sa sabon ma'aikaci a zaure tun ranar farko, ku ba shi wifi na gida. Kuɗin intanet bai kamata ya fito daga aljihun wanda bai karɓi albashi ba tukuna.