Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa 'Yan Tsiraru Ke Rinjayar Majalisa?

Wani mai karatu daga Kanya Babba, a ƙaramar hukumar Babura, ya aiko da tambaya. Ya ce: "Mu talakawa mu muka fi yawa, ƙuri'a ma a hannunmu take. To yaya ake yin dokar da mutum ƙalilan za su ci moriyarta, mu mu biya, kuma ba mai cewa uffan? Ko duk cin hanci ne?"

Madalla da wannan tambaya, Malam. Cin hanci yana nan, ba musu. Amma ko an wayi gari babu shi, matsalar ba za ta kau ba, don tushenta lissafi ne.

A ce an yi dokar da za ta zare naira 100 daga aljihun kowane ɗaya cikin mutum miliyan ɗaya, a raba wa mutum goma. Kowannensu ya tashi da naira miliyan 10. Kai kuwa 100 ka rasa, ƙila ma ba ka sani ba, don a cikin kuɗin kwanon shinkafa ta ɓuya. Ko ka sani, za ka bar gona ka hau mota zuwa Dutse ka wuni a ƙofar majalisa saboda naira 100? Kuɗin motar kaɗai ya ninka ta sau da yawa. Shi kuwa mai miliyan 10 zai ɗauki lauya, ya san shugaban kwamiti, ya san ranar da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, ya je da takardunsa a tsare. Wannan zarya ita ake kira kamun ƙafa, wato bin masu yin doka ana shawo kansu, kuma ba laifi ba ce muddin ba a miƙa na goro ba.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Mancur Olson, ya yi littafi a kan haka a 1965. Ya nuna cewa ƙaramin rukuni ya fi saurin haɗa kai, domin a cikin babban taro kowa jira yake wani ya sha wahalar, tunda in an yi nasara har wanda ya zauna a gida zai amfana.

Ku mutanen bakin iyaka kun ga wannan da idonku. A 2015 Babban Banki ya sa shinkafa cikin kayan da ya daina ba masu shigo da su dala. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai Disamban 2020 aka buɗe Maigatari da Illela da Seme da Mfum. Masu manyan injinan casar shinkafa, da suka ci moriyar hakan, suna da ƙungiya da shugabanni masu shiga ofisoshin Abuja. Manoman Haɗeja da Auyo ma sun samu kasuwa, wannan gaskiya ce, kuma manufar tana da hujjarta. Sai dai matar da ke auna rabin kwano da yamma ba ta da wakili a teburin.

Kada ka ce ke nan ba mafita. Dubi Zamfara. A da akwai dokar fanshon tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa, tana nan shiru ba mai ɗaga murya. A 2019 takardar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito fili, yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata da dokar ta tanada. Da mutane suka ji adadin da kunnensu, gari ya ɗauka. A watan Nuwamba majalisar jihar ta soke dokar, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu. Siyasar adawa ta taimaka, lallai, amma abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne asarar da ke warwatse ta taru a lamba guda da kowa zai iya faɗa.

Saboda haka in ɗan majalisarku ya zo gida, kada ka je kai kaɗai. Ku je da sunan ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa, ku tambaye shi ƙudurin da ke gaban majalisa: wa zai samu, wa zai biya, kuma nawa ne.